Ramin da Aka Bari a Filin Tolliver

Ranar Laraba da safe aka ga ramin. Magajiyar garinmu, Charlene Fugate, ita ta fara ganinsa. Ta je filin wasan besbol ɗinmu ne da mutum biyu daga kamfanin da zai rushe shi, tana nuna musu inda za a jera kujerun bikin ban kwana na ranar Asabar, sai ta tarar da rami mai kusurwa biyar cike da ruwan sama a daidai inda farantin yake. Kafin kofin da ke shagon cin abinci ya huce, duk Tolliver ta ji labari. Ba wani abin mamaki ba ne, domin mu da muka rage a garin ba za mu cika coci ɗaya ba.

Farantin nan farar roba ce mai kauri a kan gungumen katako, binne a ƙasa. A gefensa mai dukan ƙwallo yake tsayawa da sandarsa, a bayansa mai cafka yake tsugunawa, kuma duk gudun da ɗan wasan besbol zai yi, in bai dawo ya taka shi ba, wahalar banza ya sha. Shi ya sa ake ce masa gida. Namu yana nan tun da aka buɗe filin a 1938, lokacin da kamfanin kwal ya ga gara ma'aikata su sami inda za su yi ihu ranar Lahadi da su yi wa kamfani ranar Litinin. Ƙungiyarmu, Mahaƙa, ƙarama ce, irin wadda manyan ƙungiyoyi ke turo wa samarinsu su nuna kafin a tsinke su. Kogi ya sha cinye filin. Ya tafi da bencuna, ya tafi da allon maki, amma in ruwa ya janye sai a tarar da farantin a mazauninsa, fari tas. Tsofaffi suka ce ikon Allah ne, ba wanda ya yi musu gardama.

Ni Wilma Stidham, na sayar da tikiti a ƙofar filin nan tun ina budurwa har ranar wasan ƙarshe, bayan an rufe ramukan kwal ƙungiyar ta koma wani gari mai mutane. Ni ce shugabar kwamitin tarihin filin. Mu uku ne a kwamitin, biyun suna maƙabarta.

A gida kuwa ni da yayana Harlan ne kawai. Ya haura tamanin, jikinsa da ƙarfi kamar na mai sittin, amma kansa ya fara yoyo. Wata rana ya san ni, wata rana ya kira ni da sunan mahaifiyarmu. 'Yarsa Rhonda tana birnin Columbus, kuma ta gindaya mini sharaɗi tun bara: "Gwaggo, duk ranar da Baba ya fita shi kaɗai, zan zo in ɗauke shi. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da ni, ba zan jira a kira ni a ce an tsince shi a kogi ba." Na ce mata bai taɓa fita ba, kuma gaskiya na faɗa. Ina tsoron wannan rana fiye da yadda nake tsoron mutuwata, domin in aka raba ni da Harlan, ba ni da wanda zan ce wa abinci ya nuna.

*

Garin bai ɓata lokaci wajen neman ɓarawo ba, tun da akwai Dewey Blevins. Yana zaune a wani tsohon gidan kwano mai taya a bayan shingen filin, kuma ya taɓa zaman kurkuku saboda yanke wayoyin tagulla. Sakin talala aka yi masa. Ko tsinke aka ce ya ɗauka, komawa zai yi. Ɗan sandan da aka turo daga hedikwata ya leƙa gidan, bai ga komai ba, ya ce in Asabar ta yi farantin bai fito ba zai tafi da Dewey su ƙarasa maganar a can.

Charlene ce ta kira Orval Hensley, don kada a ce ba ta yi komai ba. Orval tsohon jami'in gandun daji ne, ya tsufa yana bin sawun mafarautan da suka ɓace da dabbobin da aka harba ba su mutu ba. Tun da matarsa ta rasu yake zaune a bakin dutse shi kaɗai, in ya shigo gari sayen gishiri har mutane kan manta yadda muryarsa take. Ya ce zai duba, amma a haɗa shi da wanda ya san filin. Aka haɗa shi da ni. Ba ni da wanda zan bar wa Harlan, sai na sa shi a kujerar bayan mota da bargo da gyaɗarsa.

Kwana da kwanaki ana ruwa, filin ya zama taɓo. Orval ya hana ni shiga, ya tsayar da ni a kan simintin rumfar 'yan kallo, shi kuma ya riƙa tafiya a duƙe kamar mai neman allura. Ya daɗe. Da ya gama ya yafito ni, ya ce in taka inda ya taka.

"Mutum ɗaya ne, Mis Wilma," in ji shi. "Takalmin ruwa ya sa, irin wanda kowane namiji a garin nan yake da shi. Ta ɓarakar shingen can na gefen kogi ya shigo, da asuba, ruwa ya ɗan tsagaita. Ya ratsa tsakiyar fili, ya je ɗakin 'yan wasa ya ɗauko shebur, ya zo ya tona. Ya mayar da shebur ɗin inda ya gan shi."

"Ɓarawo mai ladabi ke nan."

"Bai yi sauri ba, bai waiwaya ba. Kuma ki ga gefen ramin, ko kusurwa ɗaya bai fasa ba. Daga nan ya hau siminti da kayansa, ruwa ya wanke sauran."

Na ce to ai shi ke nan, an yi ba a yi ba. Bai kula ni ba. Ya mayar da ni baya zuwa wani wuri tsakanin tsakiyar filin da ɗakin 'yan wasa, ya nuna ƙasa da sandarsa. Sawun yana tahowa daidai wa daida, sai a wuri guda taku ɗaya ya yi tsawo, ƙafar ta nutse sosai inda ta sauka, sannan tafiyar ta koma yadda take.

"Tsalle ya yi," in ji Orval. "Me ke nan wurin?"

Na duba. Ba kududdufi, ba dutse, ba ƙaya, ciyawa ce kawai irin ta ko'ina.

"Babu komai."

"Ni ma abin da na gani ke nan," in ji shi. Ya tsaya yana kallon wurin har sanyi ya fara shiga ƙashina.

*

Mun tarar da Dewey a bakin ƙofarsa yana soya ƙwai a kan risho, ya riga ya ɗaure kayansa a jakar leda.

"Na ga ka shirya," in ji Orval.

"To me zan jira? Ko kaza ta ɓata a garin nan ni ne, Orval. Da ma a ce na sace, da aƙalla na san abin da zan zauna a kai."

"Taso ka miƙo mini gishirin can."

Dewey ya tashi ya ɗauko, yana jan ƙafar hagu kamar yadda yake yi tun da dutse ya faɗo masa a ramin kwal. Orval bai karɓi gishirin ba, ƙasa yake kallo.

"Ba kai ba ne."

"Na gode da labari. Je ka gaya wa Charlene."

"Ba ka ji komai ba da asubar?"

Dewey ya sosa gemu. "Jiniyar kogi ta yi kuka, kowa ya ji ta. Bayan nan na ji wani yana fito a cikin hazo. Ban leƙa ba. Mutum irina in ya ji motsi, bargo yake ja ya rufe kai, kada a ce da shi aka yi."

Ni ban ji jiniyar ba. Ina cire na'urar kunnena in zan kwanta, ko katafila ta bi ta ɗakina ba zan sani ba. Da muka juya za mu tafi, Dewey ya leƙa mota ya ce, "Sannu, Kyaftin." Harlan ya ɗaga masa hannu da fara'a. A duk garin, Dewey ne kaɗai yake kiransa da wannan suna har yanzu.

Charlene kuwa ko a jikinta. "Sawu ba shaida ba ne, Orval," in ji ta a waya, ina jin muryarta daga inda nake zaune. "In ba shi ya tona ba, shi ya nuna wa wanda ya tona hanya. Ni faranti nake so a cikin gilashi ranar Asabar, 'yan jarida za su zo."

*

Washegari muka je wurin Vernon Maynard. Shi ne mai jefa wa Mahaƙa ƙwallo a shekarunsu na ƙarshe, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Gidansa cike yake da kujerun da ya ɓalle daga rumfar, da riguna, da fitilar da ba wanda ya san yadda aka yi ta sauko daga kan turke. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa farantin nan haƙƙinsa ne. A bakin ƙofarsa ga takalmin ruwa da taɓo a jiki. Ni dai a raina na gama yanke masa hukunci, kuma ban ji tausayinsa ba.

"Mis Wilma, kin zo kama ni ne ko kin zo ganina?" in ji shi. "Shekara nawa ina jira ki zo."

"Ci gaba da jira, Vernon. Ina ka kai shi?"

"Da na ɗauka da kin gan shi a kan talabijin ɗina da fitila a kansa. Ni ɓoye abu nake yi? Taɓon nan na lambu ne."

Orval ya tambaye shi ko ya san abin da zai sa mutum ya yi tsalle a filin da ba komai. Vernon ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai dai ɗan daji ne, Orval. Layi ya tsallake mana. Farin layin alli da ke tashi daga gida ya miƙe har bakin fili. Ba ɗan wasan da ke taka shi, shiga ko fita. Ka taka, ka jawo wa kanka tsiya, ƙwallo ta fasa maka baki ko hannunka ya mutu. Ni sau ɗaya na taka bisa kuskure, a ranar aka yi wa ƙwallona dukan da har yau ina mafarkinsa."

"Ko da allin ya goge?"

"Alli a ƙasa yake gogewa, ba a ƙafa ba."

Sai da ya faɗa ya ga inda maganar ta kai shi, dariyar ta ɗauke. Ɓarawon ɗan wasa ne ke nan, kuma 'yan wasan da suka rage a Tolliver ba su da yawa. Na fito daga gidan ina jin daɗi kamar an biya ni tsohon bashi.

*

Muka koma filin da yamma. Harlan ya yi barci a mota. Orval ya tsaya a bakin ramin, ya hangi dogon turken ƙarfe mai launin rawaya da ke can ƙarshen fili, wanda layin ke ƙarewa a gindinsa. Ya ɗaura igiya a sanda ya ja ta wajen turken. Igiyar ta ratsa sawun, amma ba a wurin tsallen ba. Inda ta bi, mutumin ya taka abinsa ya wuce kamar kowa. Tsallen yana can gaba, da 'yar tazara.

"Vernon bai yi daidai ba," in ji Orval. "Ko kuma ba layi ya tsallake ba."

A nan ne bakina ya ja mini. Shekara da shekaru ina tara tarihin filin nan ba mai tambayata, yau ga wanda yake bukata.

"Kawo igiyar," na ce. "Ka ga kututturen simintin can kusa da babbar bishiya? Ja ta can."

Ya ja. Igiyar ta kwanta a tsakiyar dogon takun nan kamar an auna.

"Wannan shi ne tsohon layi," na ce, ina ta hura hanci. "Ambaliyar 1963 ta cinye kusurwar filin ta gefen kogi. Da aka gina katangar ruwa sai aka ɗan juya filin, gida ya tsaya inda yake, layuka suka matsa. Vernon bai taɓa wasa a kan tsohon ba, yana cikin zanen goyo a lokacin. Wanda zai tsallake nan sai wanda ya yi wasa kafin ambaliyar, kuma duk sun mutu, in ban da..."

Ban ƙarasa ba. Orval bai dube ni ba, yana naɗe igiyarsa a hankali. Daga inda muke ina hango motata, da farin kan Harlan jingine da gilashi.

"Tun jiya ka sani," na ce.

"Tun jiya na yi zato. Na ga yadda yake jefa ƙafa waje da ya sauko yin fitsari, tafiyar mai cafka, wanda ya daɗe yana tsugune a bayan faranti. Amma zato ba ya fitar da Dewey."

"Orval, mutumin nan ko cokalinsa ba ya sanin inda ya ajiye."

"Na sani, Mis Wilma." Ya sa igiyar a aljihu. "Ranar Asabar da safe zan tara mutane a nan, in sa kowa ya taka daga tsakiyar fili zuwa ɗakin 'yan wasa. Ki zo da shi, ko kada ki zo da shi. In ba ki zo ba, zan ce sawun ya ɓace mini a kan siminti, kuma ba ƙarya na yi ba. Ba zan ambaci sunansa ba. Na san yadda gida yake in ya rage mutum ɗaya."

*

Da muka isa gida na zagaya baya. Takalmansa na ruwa suna nan a jere a ƙarƙashin indararo, ruwa ya wanke su tas. Na ɗaga ɗaya, na ga jan taɓon filin a maƙale a lungun dunduniya. A duk Tolliver ba inda ke da jar ƙasa sai filin, da jirgin ƙasa aka kawo ta tun farko.

Na dafa wake da burodin masara, muka zauna.

"Yaya Harlan, ka je fili jiya da asuba?"

"Da wa muke bugawa?" in ji shi.

"Ba kowa. Faranti nake tambaya. Ka san inda yake?"

Ya dube ni da wannan murmushin nasa na yaro mai wayo, ya ɗora yatsa a leɓe. "Ba a gaya wa mata, Wilma. Ba a gaya wa kowa." Sai ya koma kan wakensa, ya tambaye ni ko Mama ta dawo daga coci.

Ranar Juma'a na yi ta kai da kawowa a cikin gida. Na ce wa kaina Dewey ya saba da kurkuku, wata nawa ne zai yi. Na ce ai ba a kan wannan kaɗai ya cancanci zama ba. Na ji kunyar kaina, na kuma ci gaba da faɗa. Da la'asar Rhonda ta iso don bikin, ta rungume babanta, ta ce, "Gwaggo, kin iya riƙo, ya yi kyau." Na ce mata Allah ne. Ina wanke kwanuka ina kallon taga, sai na tuna jakar ledar nan da Dewey ya ɗaure, da yadda ya ce "Sannu, Kyaftin." Na tsani Dewey a wannan lokaci, domin ya hana ni yin abin da nake so in yi.

*

Ranar Asabar gari ya waye da rana. Kafin 'yan biki su taru, Orval ya tsayar da mu a tsakiyar fili: Charlene da takalmanta masu tsini suna nutsewa, ɗan sanda, Dewey da jakarsa, Vernon cikin tsohuwar rigar wasa da ta ƙi rufe cikinsa, da wasu 'yan kallo da ba a gayyata ba. Ni na zo a ƙarshe, Harlan a hannuna, Rhonda a bayanmu tana tambayar me ake yi.

"Kowa ya taka zuwa ɗakin can," in ji Orval. "Ɗaya bayan ɗaya."

"Wannan wane irin wasan yara ne?" in ji Charlene. Amma ta taka, tana tsine wa taɓo. Dewey ya bi yana jan ƙafa. Vernon ya taho yana kumbura, da ya iso daidai sabon layi sai ya yi ɗan tsallensa ba tare da ya sani ba, ya wuce tsohon ya taka shi ɗaram. Orval ya nuna musu sawun ɓarawon, wanda ya kifa wa kwando tun ranar Laraba, ya nuna musu inda Vernon ya yi nasa tsallen. Ya bayyana musu maganar layi biyu a taƙaice. Charlene ta ce to wa ya rage.

Orval bai ko dube ni ba. Har a lokacin ina da damar in ce yayana ya gaji, mu koma mota.

Na saki hannunsa. "Yaya Harlan, je ka ɗakin 'yan wasa, ana jiran ka."

Ya gyara hularsa ya kama hanya, ƙafafu a waje, kafaɗu a buɗe, yana fito. Ya taka sabon layi bai ko lura ba. Da ya iso gefen kwandon nan sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake, sauƙi kamar saurayi, ya sauka ya ci gaba. Dewey ya ajiye jakarsa a ƙasa.

"Baba?" in ji Rhonda.

Orval ya bi shi, ya cire hula. "Kyaftin, ruwa ya janye. Ina gida?"

Harlan ya dubi sama, ya dubi wajen kogi, kamar mai tabbatarwa. "Ya janye?"

"Ya janye."

"To, a dawo da shi ke nan." Ya juya ya hau matakalar rumfar, muka bi shi. Ya kai mu har can ƙololuwa, bayan ɗakin mai sanarwa, inda rufi ya haɗu da bango. Ya zare wani katako da ba wanda zai ce yana zaruwa. Ga farantin nan a ciki, a naɗe da rigar ruwansa, an goge shi fari tas. A jikin katakon ta ciki an sassaƙa sunaye da wuƙa, na ƙarshe nasa ne.

"Aikin mai cafka ne," in ji shi, yana yi mana bayani kamar mu yara ne. "In jiniya ta yi kuka, mai cafka ya zo ya ɗauke gida ya hau da shi. In ruwa ya tafi ya mayar kafin gari ya waye. Kogi ya ci komai, amma ban da gida. Wanda na gada ya nuna mini, ni kuma ban sami wanda zan nuna wa ba, sun gina katanga." Sai ya dube ni. "Kada ki gaya wa kowa, Wilma."

Ni shugabar kwamitin tarihi, ban taɓa jin wannan ba. Vernon ma bai taɓa ji ba, ya tsaya yana shafa sunayen da yatsa, idonsa ya kawo ruwa. Charlene ta ce wa ɗan sanda ba laifi aka yi ba, yana iya tafiya. Ba ta ba Dewey haƙuri ba, shi ma bai tsaya jira ba.

Rhonda ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Da asuba, Gwaggo. Ta bakin kogi, ruwa ya cika. Ya hau wannan ruɓaɓɓiyar matakala da kaya a ka."

"Na sani."

"Kin sani tun yaushe?"

"Tun Alhamis."

"Kuma kika kawo shi, kin san ina nan."

Na ce mata e. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ba zan iya barin shi ba." Na ce na san wannan ma.

*

An yi biki. Harlan da kansa ya miƙa wa Charlene farantin, aka yi tafi, ya ɗaga hula yana tsammanin mun ci wasa. Ranar Litinin Rhonda ta sa kayansa a mota. Ya zauna a kujerar baya da bargonsa, ya tambaye ni ko wasan waje za su, na ce e. Ya ce in ajiye masa wake.

Katafila ta shigo kafin sanyi ya kama. Yanzu sito ne a wurin, dogo, marar taga, da filin ajiye motoci inda gida yake a da. Farantin yana cikin gilashi a ofishin magajiya, kusa da inda ake biyan kuɗin ruwa. Dewey ya ja gidansa ya koma wata jiha, ya bar mini tsohon rishonsa a bakin ƙofa ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Orval kan tsaya wani lokaci in ya shigo sayen gishiri, mu sha kofi a baranda, sannan ya tafi.

Rhonda tana kira ranar Lahadi. Ta ce yana cin abinci, yana barci, ma'aikatan suna son shi. Abu ɗaya ne ya ɗaure musu kai: akwai wani farin layi a ƙasan barandar gidan, sun rasa dalilin da ya sa ba ya yarda ya taka shi. Na ce ta gaya musu su ƙyale shi. Ta ba shi waya, ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko ni ce mai sayar da tikiti.

Tun ranar da ya tafi ban sake cire na'urar kunnena ba in zan kwanta. Na san ba amfani, ba mai buɗe ƙofa, ba mai fita. Kogi kawai nake ji har gari ya waye.